Shafi na Ɗari Biyu da Takwas

A hawa na uku, a Duluth,
inda tagata ke kallon tafkin da ya daskare
har jiragen dakon tama suka daina kuka,
ni, Marlys Haugland, nake zaune da baƙin alƙalami.
Shekara goma sha tara ke nan
ina buɗewa, ina rufewa, duk da hannu guda.

Ran Talata takarda ta iso.
Delbert Oja, mai gyaran tukunyar ɗumama gidaje,
ɗan shekara arba'in da bakwai,
yana neman fayil ɗin ƙuruciyarsa.
A gurbin dalili kalma uku ya rubuta:
"Ina son sani."

Kwali biyu aka hauro da su daga ɗakin ƙasa,
suna warin laima da tsatsa.
Gida shida suka riƙe shi kafin muryarsa ta fashe.

Doka ta ce nasa nasa ne, a ba shi.
Doka ta ce na wani ba nasa ba ne, a rufe.
A tsakanin biyun nan nake cin abinci.
Maƙwabciyar da ta buga waya da tsakar dare, na shafe ta.
Ciwon mahaifiyarsa, na shafe.
Ƙanwarsa kuwa,
wadda wani gida ya ɗauka ya sauya wa suna,
sau talatin da ɗaya ta leƙo,
sau talatin da ɗaya na lulluɓe ta.
Hannuna bai yi rawa ba sai a na ƙarshe.

Sai ga shafi na ɗari biyu da takwas.
Shuɗin biro, rubutun mai sauri, watan Nuwamba:
"Na ga shatar bel a bayan yaron. Zan dawo ran Litinin."
Na juya.
Shafi na gaba Afrilu ne.
Babu Litinin ko ɗaya a tsakani.

Lauyan ma'aikatarmu, Corwin Bakke, ya sauko da kansa.
Ba mugu ba ne.
Aikinsa auna zurfin ruwa kafin gwamnati ta tsoma ƙafa.
Ya ce, "Wannan shafin ƙara ce a kotu,
diyyar kuma daga tukunyar yaran bana za ta fito.
Babu wata aya da za mu raɓe a bayanta?"
Muka bi dokar layi-layi har fitilun titi suka kama.
Akwai ayar da ke kare mara lafiya,
akwai mai kare wanda ya tsegunta,
ayar da ke kare kunyarmu ce muka rasa.
Ya cire tabarau, ya murza ido.
"A bar shi. Zan gaya wa na sama su shirya."
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Delbert ya zo da ƙanƙara a takalmi.
A tsaye ya karanta, bai cire hula ba.
Shafin da ya hana mu barci
ya wuce shi kamar mai wuce ƙofar gidansu.
"Wannan na sani," in ji shi, "a bayana yake rubuce."

Sai ya riƙa ɗaga takardun ga hasken taga
ko baƙin zai yi rauni.
"Harafi nawa ne sunan nata yanzu?"
Na ce ba ni da ikon faɗa.
Na miƙa masa fom ɗin da 'yan'uwan da aka raba
ke barin adireshi, ko wata rana.

A shafi na arba'in da ɗaya akwai layin da doka ba ta ci ba:
"Yarinyar ta ƙi sakin rigarsa har cikin mota."
Shi ya ninke gida huɗu,
ya sa a aljihun ƙirji,
sauran ya rungume kamar itacen hura wuta, ya fita.

Na rufe alƙalami.
Akwai wani kwalin a gindin kujerata tun jiya,
ban ma karanta sunan ba tukuna.